Allurar da Yaya Ya Nema da Bakinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayana, wanda nake bi uwa ɗaya uba ɗaya, ya cika ranar Talata da hantsi, muka kai shi makwancinsa kafin azahar. Kafin a kira la'asar mutanen Badarawa sun gama binciken abin da ya kashe shi. Ba su nemi likita ba, ba su nemi malami ba. A kan tabarmar makoki suka yanke hukunci, bakinsu cike da goron gidanmu.

Maƙwabcinmu mai faci ne ya fara. Ya shafa fatiha, ya gyara zama, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Kwana ne ya ƙare, babu musu. Amma dai tun kaka da kakanni an san mai ciwon shawara ba a yi masa allura."

Na kusa da shi ya karɓe. "Kamar ka shiga zuciyata. Akwai wani a Kinkinau, idonsa ya yi ɗorawa, aka kai shi asibiti aka soka masa. Ko ruwan alwalar magariba bai nema ba."

Na ce, "Wane ne a Kinkinau?"

"Wani ne dai."

"Ɗan gidan wa?"

"Haba Sarkin Fawa, yau ranar haƙuri ce."

Ni ba Sarkin Fawa ba ne, mahauci ne kawai. Sai ana so a rufe mini baki ake naɗa ni.

Wani tsoho da ban taɓa ganin ƙafarsa a gidan ba lokacin jinya ya sassauta murya, irin sassautawar da ake yi don kowa ya ji. Ya ce shi abin da ya samu labari, ba a cinya aka yi ba, ba a hannu ba, a hanta aka zura ta, doguwa kamar tsinken tsire. Aka yi ta girgiza kai ana salati. Aka miƙo goro, ya ɗauki biyu.

Da a nan maganar ta tsaya da na haɗiye, don bakin maza a kan tabarma iska ce. Amma a cikin gida ƙanwarmu, Goggon yara, ta sauka daga Zariya, kuma tun kafin ta kwance ƙunshin kayanta ta samo wa laifin mai shi. A tsakar gida ta faɗa, mata cike: "'Yar boko ta kai ubanta an tsire shi." Tana nufin 'yar Yaya ta fari, wadda ke buga tafireta a ofishin gwamnati, take aure a Unguwar Dosa. Yarinyar tana durƙushe a gindin murhu tana hura wuta, ta ji da kunnenta. Uwarta, matar Yaya, tana cikin ɗaki ta shiga takaba, ita ma ta ji. Ba ta ce uffan ba.

Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ku yi haƙuri da rubutuna. Ajin yaƙi da jahilci na shiga ina da gemu, kuma jahilcin ne ya ci yaƙin, na dai gudo da 'yar ganima. Amma ina wurin aka yi komai, su kuwa masu hukunci ba sa nan. Ba zan bari a binne Yaya da ƙarya ba, a kuma binne 'yarsa da ranta.

Mu gidan fawa ne. Ubanmu mahauci, ubansa mahauci. Yaya ne ya fara karya layi. Yana saurayi ya ga ana shimfiɗa bututun ruwa a unguwar ma'aikata, ya tsaya kallo, aka ce ya riƙe nan, ya riƙe, shi ke nan bai sake riƙe ƙafar saniya ba. Ubanmu ya yi fushin da har ya daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Ya ce, "Na haifi namiji ya koma haƙar rami kamar gafiya." Yaya ya koma aikinsa. Ya bari sai da rani ya tsananta, rijiyar gidanmu ta koma laka, ya jawo famfo har ƙofar ɗakin tsoho, ya murɗa, ya tafi abinsa. Tsoho ya daɗe yana kallon ruwan. Da yamma ya aika aka kira shi, ya tura masa kwano, ya ce, "Gafiya, zo mu ci." Har tsoho ya rasu da wannan sunan yake kiransa.

Yaya yana da wani sandan ƙarfe mai kan katako. In ruwa ya ɓace a layi, sai ya kafa tsinin a ƙasa, ya ɗora kunne a kan katakon, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu. Ya matsa gaba, ya sake kafawa. Leburori na tsaye da diga suna hamma, shi ko a jikinsa. Kalmarsa guda ce, duk Badarawa an san ta: "A ji tukuna, sannan a haƙa." Da ita yake raba faɗan miji da mata, da ita yake sayen akuya.

Ni ya taɓa koya mini ita da tsada. Tsakar gidana ta yi ta tsattsafo, na ce ai ƙanen mai famfo ma mai famfo ne. Na ari diga, na fara daga bakin zaure. Kafin la'asar gidana ya zama kamar gonar rogo bayan an tone, matata na tsallake ramuka da tukunya a kai tana karanto mini asalina. Yaya ya zo, ya jingine kekensa, bai ce sannu ba. Ya kafa sandan nan wuri biyu ko uku, ya je ya tsaya a turken akuya, inda ko kusa ban taɓa ba. Ya ce, "Nan ne." Nan ɗin ne kuwa. Da zai tafi ya ce, "Ba laifinka ba ne. Kai ka saba sai abu ya mutu kake duba cikinsa." Kuma bai taya ni cike ramin ko ɗaya ba. Na yi sati ba na gaishe shi, shi kuwa bai ma lura ba, wanda ya fi komai ƙona mini rai.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na yi masa kwalliya. Taurin kai gare shi kamar ganda. Shekarun baya da gwamnati ta mayar da tuƙi hannun dama, Yaya ya ce kekensa bai ji sanarwa ba. Ya yi ta bin hagu, direbobi na zaginsa yana ɗaga musu hannu, sai da wata motar itace ta tura shi kwata tukuna kekensa ya ji. In ya ga yaro ya bar famfo a buɗe, ko ɗan wane ne, sai ya murɗe masa kunne daidai yadda ya kamata yaron ya murɗe famfon. Kuma bai iya yabon girki ba. Matarsa ta shekara talatin da wani abu tana jiran ya ce miya ta yi daɗi, abin da take samu shi ne, "Ba laifi."

Amma famfon da ke jikin bangon gidansa ta waje, shi ya kafa shi da hannunsa, don ya ga matan layin suna tafiya har bakin rafi. Bai taɓa sa masa kwaɗo ba. A wannan famfon mai faci ya yi alwala ranar makoki, kafin ya zo ya zauna ya ce an kashe mai famfon da allura. A nan matan layi suke jera bokiti yanzu, suna ƙus-ƙus in 'yar Yaya ta wuce. Ruwan uban a bokitinsu, naman 'yar a bakinsu.

Yarinyar nan sunan mahaifiyarmu ta ci, don haka Yaya bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. A gidana aka yaye ta, kamar yadda ake yi da 'yar fari, a gadon bayan matata ta yi wayo. Da dangi suka ce makarantar ta isa haka, Yaya ya ce, "Uwata ce, ba na iya hana uwata abin da take so." Aka yi dariya, maganar ta mutu.

Ciwon ya fara ne a ƙarshen damina. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara, bayan gida kuwa, a gafarce ni, ya koma fari kamar farar ƙasa. Kowa ya ce shawara ce, shawara kuwa kowa likitanta ne. Aka kawo saiwar rawaya, aka dafa ganyen gwanda, aka matso rake. Wata ta ce a daina ba shi mai, wani ya ce a daina ba shi gishiri. Ni ma na kawo tawa kwalbar daga wani Bafillace da ya rantse mini da shanunsa. Yaya ya sha duka, bai raina na kowa ba. Ido dai sai ƙara rinewa yake, wando na zamewa daga ƙugu. Sai ƙaiƙayi ya zo. Duk wanda bai ga wannan ƙaiƙayin ba, kada ya sa mini baki a maganar nan. Dattijo mai kamun kai ya koma yana goga bayansa a bangon masallaci kamar jaki.

Ran nan da safe ya aika aka kira ni, na tarar da yarinyar ta biyo ta gaishe shi kafin ta wuce ofis. Ku saurara da kyau, don nan ne maganar take.

Ya ce, "Uwata, an ce a babban asibiti akwai injin da ke ɗaukar hoton cikin mutum yana raye."

Ta ce, "Akwai, Baba. Amma na tambaya, an ce irin naka wataƙila sai an haɗa da allura."

"To?"

"Baba, an ce mai shawara ba a yi masa. Mu ƙara ko wata guda da na gida."

Ita ta faɗi haka. 'Yar bokon da ake cewa ta ja shi. Da kunnena na ji, kuma kunnena, ba kamar kaina ba, lafiyarsa ƙalau.

Yaya ya ce, "Na ci ganye har na fara jin ina son yin kukan akuya. Ku duba nan. Abin da ya kamata ya bi ƙasa ya fita, ga shi ya hau sama ya fito mini a ido. Ko lebura ya san sunan wannan. Toshewa ce. Ina so in san a ina."

Na ce, "Yaya, ka san dai abin da mutane za su ce."

Ya ce, "Mutanen ne ke sosa mini baya?"

Haka muka tafi, shi a gaba, mu a baya kamar masu rakiyar amarya.

Ba a fara da allurar ba, wannan ma a sani. Da farko ƙwayoyi aka ba shi ya haɗiya, aka ɗauki hoto washegari, bai nuna komai ba. Likitan, wani siriri mai tabarau da Hausarsa ta bariki, ya ce hantar ta cika ta kasa tura maganin inda ake so. Sai aka ba shi wani farin kunu mai ɗanɗanon alli, aka yi ta juya shi a kan tebur kamar waina a tanda. Wannan ya nuna bakin hanji ya buɗe fiye da kima, kamar wani abu na tura shi ta ciki. Amma mene ne, kuma daidai ina, bai faɗa ba.

Likita ya zaunar da mu. Ya ce saura hanya guda. Za a zura siririyar allura ta tsakanin haƙarƙarin dama har cikin hanta, a nemi hanyar da ruwan maɗaciya ke bi, a zuba wani magani da ke fitowa fari a hoto. Duk inda farin ya tsaya, nan ne toshewar. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce tana iya jawo jini, ruwan ɗacin yana iya tsiyaya a ciki, shi ya sa in an yi ta ba a daɗewa sai a shiga aiki.

Yaya ya ce, "In na ƙi fa?"

"Sai mu buɗe ka, Baba, mu nema da hannu."

"Lalube ke nan."

"Kusan haka."

"Ban taɓa fasa titi da lalube ba, ba kuwa za a fara da cikina ba. A yi allurar."

Yarinyar ta bi ni baranda ta riƙe mini riga tana kuka. "Baffa, ka hana shi." Ni da ban taɓa hana Yaya ko tsallake kwata ba.

Ranar da za a yi, na ce zan shiga in tsaya masa, ai jini ba baƙona ba ne. Wata nas ta wuce da faranti, na leƙa, na ga allurar a kwance tana sheƙi. Abin da na sani bayan nan shi ne ina kwance a kan benci, an cire mini hula, ana ɗura mini ruwan sukari. Ni da na kayar da bijimai tun ina ɗan saurayi. Aka gama wa Yaya, aka turo shi a gado, ya juyo kai ya gan ni, ya ce wa nas ɗin, "'Yata, a fara duba wancan, shi ne mara lafiyar." Har ya koma ga Allah bai bar ni na huta da wannan ba.

Sannan aka kawo hoton, aka manna shi a jikin wani akwati mai fitila. Baƙi ne wuluk, sai wata farar bishiya a tsakiya, rassanta sun kumbura sun yi ɓul-ɓul. Rassan suka haɗu suka zama gindi ɗaya, gindin ya gangaro, ya gangaro, sai ya tsuke kamar wutsiyar ɓera, ya ɓace. Ƙasa da nan duhu ne kawai.

Ni fa tun ina yaro nake yanke maɗaciya daga jikin hanta ina jefarwa. Abin da na sani game da ita shi ne in ta fashe nama ya ɓaci, ubanmu ya mare ni. Ban taɓa tambayar ina ruwanta ke zuwa ba. Likita ya sa bayan biro a kan hoton, ya ce wannan hanyar tana sauka ne zuwa bakin hanji. Ya ja wani layi daga gefe, inda hoton bai nuna komai ba, ya ce akwai ta biyu da ke tahowa daga wata tsoka mai kama da kitse da ke kwance a bayan tumbi. Ya faɗi sunanta da Turanci, na maimaita a zuciyata, kafin mu kai ƙofa ya gudu. Na dai gane ta, ita ce wadda muke jefa wa mai sayen kayan ciki a matsayin gyara. Ya ce hanyoyin nan biyu suna haɗuwa su shiga hanji ta ƙofa ɗaya, 'yar mitsitsiya. Daidai wannan mahaɗar ce wani abu ya danne.

Yaya ya ce a ɗaga shi ya gani da kyau. Ya daɗe yana kallo, irin kallon da yake yi wa layin da ya ba shi wahala.

Ya ce, "Tsakuwa ce?"

"Da tsakuwa ce, Baba, da ƙarshen ya yi kamar bakin ƙoƙo. Wannan tsukewar ta fi kama da ƙari."

"A wurinmu in mahaɗa ta lalace sai a yanke a sa sabuwa."

"In mun shiga muka ga tana yankuwa, za mu yanke. In ƙarin ya riga ya kama manyan jijiyoyi, ba za mu taɓa shi ba. Sai mu yi wa ruwan wata hanya ta gefe ya zagaye."

"Shi ƙarin kuma?"

"Zai ci gaba da abin da yake yi."

Yaya ya ce ya gode. Da likita ya fita, ya juya fuska bango. Na zauna ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Na so a ce tsakuwa ce." Iyakar raunin da na taɓa ji daga bakinsa ke nan.

Aka yi aikin. Ƙarin bai yanku ba, aka yi hanyar gefe. To ga abin da masu tabarma suka manta, ko suka ga dama suka manta. Bayan allurar nan da aikin nan, idon Yaya ya washe. Ƙaiƙayi ya tafi. Ya dawo gida da ƙafarsa, ya koma sahun gaba a masallaci, mai facin nan da kansa ya ce masa, "Malam, ka zama ango." Ya ga Babbar Sallah, na gasa masa hantar ragonsa ya ci, ya ce ba laifi. Ya zauna ya canja wa famfon waje roba. Ya kira duk wanda yake ganin ya taɓa murɗe wa kunne fiye da kima ya nemi gafara, layi har waje. Ya san abin da ke tafe, ya san daga inda zai zo, ya shirya masa a tsanake. Tun daga kaka har ruwa ya sake sauka yana tare da mu. Sannan ya fara ramewa, abinci ya daina zama, ya tafi a hankali kamar yadda aka gaya masa. Wace irin allura ce ke kashe mutum bayan ta bar shi ya ci naman Sallah?

Ranar sadakar uku yarinyar ta same ni a zaure. Ta rame har wuyanta ya fito. Ta durƙusa ta ce, "Baffa, don Allah kada ka lallashe ni. Ni ce?"

Na ce, "Ke ce me? Ba ke kika ce a jira ba?"

"Ni na kawo masa labarin injin tun farko. Ni na karɓo mana ranar ganin likita." Ta ɗago ta dube ni. "Kuma Inna ba ta ce komai ba."

Nan gizo ke saƙa. Matar Yaya mutuniyar da ce. Tunda ta haifi yarinyar nan ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yabonta a gaban mutane ba, ba ta taɓa shigar mata faɗa ba. In za ta yi maganarta sai ta ce "waccan" ko "ta gidan Baffa". Kunyar 'yar fari ce, kuma an sha yaba mata a kai. Ko da yarinyar ta gaishe ta daga bakin ƙofa, amsar a ciki-ciki take, tun fil azal. Amma yanzu da Goggo ta yi shela a tsakar gida, wannan shirun na kullum ya tashi daga kunya ya koma shaida. Matan layi na cewa, ai ko uwarta ba ta musa ba. Yarinyar ma haka ta ɗauka. Ta daina cin abinci, ta daina shiga ɗakin.

Na ce bari in gwada ilimi. Na ɗauko hoton, na fito wurin maza, na ɗaga shi a rana. Na yi bayani har da kumfar baki, sai daga baya na gane a kife na riƙe shi. Mai faci ya ce shi dai bishiyar kuka yake gani an sare mata kai. Tsohon nan mai goro biyu ya matso, ya bi farin layin da yatsa, ya ce, "Allahu akbar. Ga allurar nan ma ta karye a ciki." Aka yi ta salati. An ce gani ya kori ji. A Badarawa ji ne ya kori gani, ya bi shi da jifa.

Ranar bakwai, bayan an shafa addu'a an fara raba waina, na saka hoton a hammata na shiga cikin gida. Tsakanina da matar Yaya wasa ne tun tana amarya, ina ce mata matata, tana ce mini ragon miji. Ranar ban je da wasa ba. Na tsaya a bakin ƙofarta. Tana zaune a kan tabarma da carbi, Goggo a gefenta kamar dogari, mata cike da tsakar gida.

Na ce, "Matar Yaya, na zo da magana."

Goggo ta ce, "Mai takaba ba ta doguwar magana da maza."

"Ni ba maza ba ne, ragowar gida ne. Ke kuma ƙanwata ce, in ina magana ki nemi abin taunawa."

Na juya ga mai ɗakin. "Yarinyar nan ta daina cin abinci. Ta tambaye ni ko ita ta kashe ubanta. Na ba ta amsa, amma kowa ya san bakina, maganata ba ta da nauyi. Ke take saurare."

Ta sunkuyar da kai. "Ka san ba na maganarta."

"Na sani. Duk garin nan an san kina da kunya. Amma an ɗauki kunyar taki an kai ta gaban alƙali, tana can tana ba da shaidar zur."

Goggo ta ce, "Ai gaskiya ɗaya ce. Da an bar shi da saiwarsa, da yanzu yana nan zaune."

Matar Yaya ta ajiye carbin. Ban taɓa jin muryarta ta wuce bakin ƙofa ba sai ranar.

Ta ce, "Goggon yara, ke kina Zariya. Ni nake ɗakin nan. Da totuwar masara nake kankare masa baya har zanin gado ya yi jini. Mutumin da bai taɓa roƙona komai ba, ya roƙe ni in karɓo wuƙar ƙanensa in feɗe masa fatar ya huta. Saiwar taki tana nan a tukunya lokacin. Bayan allurar nan aka dawo mini da mijina. Ya ci tuwona, ya yi barci, ya yi mini tsiyar gishiri. In allura ce ta yi wannan, Allah ya yi wa mai allurar albarka, da wanda ya nuna hanyar wurinsa."



Sai ta ɗaga kai ta kira sunan 'yarta. Sunan yanka, cikakke, da ƙarfi. Ba zan rubuta shi ba, sunan mahaifiyata ne. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Yarinyar tana bakin murhu, ba ta amsa ba, don ba ta san sunanta a wannan muryar ba, ta waiga tana neman mai kiran. Sai da uwar ta sake.

Yarinyar ta taso tana harɗewa, ta durƙusa a bakin ƙofa inda ta saba tsayawa. Uwar ta matsa gefe a kan tabarma, ta buga wurin da tafin hannu. Ta miƙo hannu ta zare hoton daga hammatata, ta ce wa 'yarta, "Kowa ya gani ban da ni. Zo ki nuna mini inda abin yake."

Yarinyar ta juya shi daidai, ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa. Ta bi farin layin da yatsa har inda ya tsuke. Uwar ta ɗora nata yatsan a kan na 'yar, ta bar shi a nan. Goggo ta ce ita hayaƙi ne ya shiga mata ido, amma na ga tana leƙe ta gefe.

Matar Yaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "A kawo mata waina. Kai kuma, ragon miji, ka tare mana haske."

Na fita.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon kame baki a kan abin da ba mu gani ba. Na sa kaina a cikin addu'ar, ko da yake na san tawa sai an daɗe ana roƙo.